Yadda Na Kai Sada Kano, Na Kuma Dawo da Shi

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har matar da ta daina gaishe ni tun bara ta shigo wai aron rariya, alhali labari ya kawo ta. Wasu suna son su ji ko an warkar da Sada, wasu kuma so suke su ji na sayar da akuyata a banza. To, ga shi zan faɗa daga farko har ƙarshe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ni ce Rabi, haifaffiyar Yasore ta ƙasar Batsari, aure ya kawo ni Tsaskiya ta ƙasar Safana. Sada shi ne ɗana na uku, shekararsa takwas. Ba ya magana, sai dai ya maimaita abin da aka faɗa masa. Ba ya kallon idon mutum. In ya ji daɗi ya riƙa kaɗa hannuwa kamar kaza za ta tashi, in ya tsorata ya toshe kunnuwa ya yi ta wani amo ta hanci, ba ya dainawa sai ya gaji. Rubutu mun sha, hayaƙi mun turara. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce galahanga, marasa kunya suka ce dolo ne kawai.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ya tayar da ni tsaye ya faru ne da damina, gero ya fi mutum tsayi. Wata la'asar aka yi ihu cewa ga 'yan bindiga nan tafe a kan babura. Kun san yadda muke yi: kowa ya suri ɗansa ya faɗa cikin gero, a kwanta a yi tsit. Can nesa aka yi harbi, sai Sada ya fara amonsa. Matan da ke kusa da ni suka riƙa raɗa, "Rabi, rufe masa baki! Za ki sa a kashe mu!" Na danne masa baki da tafin hannu, ya cije ni har jini ya fito, ya ƙara sautin. Allah Ya kiyaye, mutanen suka bi ta wata hanya.

Washegari Yaya Mati, wan mijina, ya zo ya zauna a ƙofar gida da mijina, Malam Lawal. Ina jin su ta bayan zana.

"Lawal, magana ɗaya ce," in ji Yaya Mati. "A sa wa yaron nan mari. In an gudu a kulle shi ɗaki, su ba ruwansu da mahaukaci. Ba za a hallaka gari saboda yaro guda ba."

Ban taɓa sa baki a maganar maza ba, amma ranar bakina ya riga ni. Na ce, "Yaya, ka gafarce ni. Muddin ina numfashi, ƙarfe ba zai hau ƙafar Sada ba."

Ya ce, "To ki nemo mana dabara, tunda ke ce mai gidan."

Da ya tafi, Malam ya ce mini, "In kin san wata hanya, ki bi ta, na yarje miki. Ni ba zan iya barin gona da sauran yara ba."

Hanya ɗaya na sani. Ina da ƙawa tun ƙuruciya, Saratu, Kirista ce, gidansu na kallon namu a Yasore. Tana tuyar ƙosai a Kano. Wani zuwa da ta yi gida ta ga Sada, ta ce mini kusa da inda take tuya akwai makarantar yara irinsa. Lokacin an katse layin waya a ƙasarmu, ba halin in sanar da ita, sai kwatancen da ta taɓa yi mini. Na sayar da akuyata, na daka fura, na ƙulle kayan Sada kaf a buhu. Niyyata in bar shi can, inda ba harbi.

Daga Tsaskiya zuwa Safana babur muka hau, na wani ɗan kabu-kabu mai suna Dikko. Fetur ya yi wuya har in muka zo gangara sai ya kashe inji, mu sulale. Muna cikin tafiya muka kafe a laka a wani rafi, daidai inda ba a son tsayawa. Dikko ya kwantar da babur yana ƙwaƙule laka da itace, idonsa na kan daji, gumi na zuba. Ni kuma ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sada kuwa ya samu abin da yake so a duniya: taya a sama. Ya tsuguna yana juya ta da yatsa, yana dariya har da kyakyatawa.

Dikko ya dube shi ya ce, "Wallahi yaya, cikinmu ukun nan ɗanki ne kaɗai ke cin ribar tafiyar."

Daga Safana muka shiga mota zuwa Dutsin-Ma, daga can muka samu ta Kano. An cusa mu kamar buhunan dawa. Sada ba ya zama sai a jikin taga, ga shi wata Hajiya mai sayar da atamfa ta riga mu. Na roƙe ta, ta ce ita ma amai take yi in ba ta sha iska ba. Ban ƙara magana ba. Mota na tashi Sada ya fara. Ba mu fita gari ba Hajiya ta ce direba ya tsaya, ta ba shi tagar da hannunta. Daga baya muka shirya, har ta ba ni goro, ta ce jikan ƙanwarta ma haka yake, amma ba a fito da shi.

Shingayen jami'ai kuwa ban ƙirga ba. A wanda ke kan iyakar Katsina da Kano aka ce kowa ya fito. Wani jami'i, da ya ji daga Safana muke, ya tsare mu da ido. Ya dubi Sada ya ce, "Kai, yaya sunanka?"

Sada ya ce, "Kai, yaya sunanka?"

"Ni kake yi wa rashin kunya?"

"Ni kake yi wa rashin kunya?"

Mutane suka yi tsuru-tsuru. Sai kuma Sada ya miƙa hannu zai taɓa wani ƙarfe mai walƙiya a ɗamarar mutumin. Na fizgo shi na sa shi bayana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya magana, abin da ya ji yake mayarwa. Makaranta zan kai shi. In duka ne, ga ni." Ban sunkuyar da kai ba. Hajiya mai atamfa ta matso ta ce, "Haba ɗan nan, kai ba ka da ƙanne?" Ya kaɗa hannu muka wuce.

Kano ta karɓe mu da ƙara. Hon, injin niƙa, masu talla, 'yan adaidaita sahu suna jan buhuna ta ko'ina. Sada ya zube a ƙasa a tsakiyar tasha ya toshe kunnuwa. Nan da nan aka yi mana zobe. Wani na tofa addu'a, wata na yayyafa masa ruwa, wani kuma na ji ya ce, "Anya ɗanta ne kuwa?" Na ce, "Ni na haife shi, ba a gaban ka ba. Ku matsa ku ba shi iska!" Na cire mayafina na lulluɓe shi, na zauna a ƙasa tare da shi har ya lafa.

Sai bayan la'asar na gano Saratu, a bakin kaskonta. Ta saki matsami ta rungume ni, ƙosai na ƙonewa. Ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya, gida cike da mutane kamar kasuwa, amma ba wanda ya san sunan kakan wani. A nan gida in ka gaida babba sai ka tambayi gajiya, da iyali, da shanu, da ruwan bana. Can "sannu" ɗaya ce, mutum ya wuce. Ruwa ma saye ake yi a jarka. Saratu ta shimfiɗa mini tabarmar salla da kanta, ta nuna mini gabas, kamar yadda uwarta ke yi wa baƙinmu a Yasore.

Abinci ya zama rigima. Ta kawo gurasa, Sada ya shinshina ya ture. Wake da shinkafa, ya ture. Ƙosan ma da mutane ke layi a kansa, ko kallo. Sai furar da na taho da ita, wadda ta fara tsami. Amma ya samu abokiya a ɗakin: fanka. Ya kwanta rigingine yana kallon ta tana juyawa, kamar an ba shi sarauta. Da aka ɗauke wuta ta tsaya, ya kurma ihun da ya fito da duk 'yan hayar. Saratu ta hau kujera ta riƙa juya fankar da muciya har ya yi barci. Mun yi dariya har hawaye, rabon da in yi irin ta na manta.

Da safe ta raka mu ƙofar makarantar. Gida ne babba mai shuke-shuke, motoci na ajiye yara. Maigadi ya dubi silifas ɗina da buhuna ya ce, "Baiwar Allah, ba a bara a nan."

Na ce, "Ni ma ba ita ta kawo ni ba. Daga Safana na taso, kuma ba zan bar ƙofar nan ba sai na ga shugaba." Na ajiye buhu na zauna a kai.

Ina zaune ina kallon yaran da ake saukewa. Ga wani fari sol da takalmi mai tsada, yana kaɗa hannuwa sak irin na Sada. Ga wata yarinya ta toshe kunnuwa, uwarta da gwala-gwalai tana lallashi. Na ce a raina, ashe aljanun nan har gidan masu kuɗi suna shiga, kuma su ba a sa musu mari.

Shugabar, Malama Binta, ita ta fito da kanta. Doguwa ce, ta kusa sa'ar yayata. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ni ta fara gaisarwa ba. Durƙusawa ta yi a gefen Sada, ba ta taɓa shi ba, ba ta ce ya dube ta ba, ta ɗan zauna kawai. Sannan ta miƙe ta ce, "Maman yaro, sannu da hanya. Ku shigo."

Abin da na gani a ciki ya saɓa wa duk makarantar da na sani. Ba bulala ko ɗaya. Ba a haɗa baki a yi ta rera karatu. Yara kaɗan ne a aji, malamai na magana a hankali kamar a ɗakin mai jego. A bango an jera hotuna: wanke hannu, zama, cin abinci, wasa, tafiya gida, don yaro ya san abin da ke tafe. Wanda ba ya magana, in yana son ruwa sai ya miƙa hoton kofi. Akwai ɗaki mai duhu-duhu da katifa, wanda abin ya yi wa yawa ya shiga ya huce, ba don horo ba.

Malama Binta ta yi mini tambayoyi, ta sa wata malama ta yi wasa da Sada, ta ce likita zai duba shi ya tabbatar, amma ga alama abin da ake kira otizim ne. Ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba, ba kuma laifina ba. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, tana jin ƙara da haske fiye da tamu. Na tambaye ta magani. Ta ce babu na warkewa, amma akwai koyo, kuma yana koyuwa.

Na ce, "To alhamdu lillahi. Ga kayansa nan. Ina ne ɗakin kwanansu?"

Ta dubi buhun, ta dube ni. "Maman Sada, ai makarantar je-ka-ka-dawo ce. Da azahar kowa ke tafiya gida. Yaro irin wannan ya fi kowa bukatar ya kwana a gidansu, kusa da uwarsa."

Na ce, "Gidansu? Malama, kin san inda muke kwana? A cikin gero muke kwana! Ɗan nan in ya yi amonsa, gari guda ne ke cikin haɗari. Wan ubansa mari yake nema masa. Na sayar da abin da na mallaka na zo, ki ce mini da azahar a tafi gida?"

Na zaci za ta kira maigadi. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Na ba ta, na nuna mata tabon cizon. Da na gama ta ce, "Gaskiya zan gaya miki. Duk karatun da na yi, ba a koya mini yadda ake ɓoye yaro daga 'yan bindiga ba. Kuma ko da kin iya zaman Kano, kuɗin makarantar nan zai fi ƙarfinki. Amma ki riƙa zuwa da shi kullum muddin kina garin nan, ki zauna a aji ki ga yadda muke yi. Ke kin san gero, ni na san yaran. Mu haɗa."

Haka aka yi. Kullum da safe in taya Saratu wanke wake, sannan mu tafi. Na zauna a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyina har haɓa. Na koyi rage magana: kalma biyu, sai a jira. Jiran nan ya fi mini wuya fiye da surfe. Ranar da Sada ya ɗauki hoton kofi ya sa mini a hannu, ba ihu, ba jan zani, na ba shi ruwan na fita bayan aji na yi kukana.

Ni da Malama Binta muka ƙirƙiro abin da muka sa wa suna wasan kwanciya. In nuna masa hoton yaro a kwance, in sa masa abin toshe kunne, wanda wata uwa a makarantar ta ba ni na ɗanta da ya yi masa kaɗan. Sai in naɗe shi da zani tamau, don mun lura matsi na kwantar masa da hankali, in ba shi wata 'yar taya ta roba ya riƙa juyawa. Mu kwanta tare a ƙasa. In ya yi shiru ko na ɗan lokaci ne, sai fura. Ta ce in riƙa yi kullum lokacin da ake zaune lafiya, don kada ranar tsoro ta zama ranar farko.

Da guzuri ya ƙare muka yi sallama. Saratu ta cusa mini ƙullin wake a buhu tana faɗa wai in na ƙi karɓa ba ita ba ni. Muka biyo ta Katsina zuwa Batsari, na kwana biyu a Yasore wurin innata, sannan muka iso Tsaskiya. Mutane suka ga na dawo da Sada da buhunsa, aka yi ta kallon juna. Yaya Mati ya ce, "An dawo mana da shi ke nan?" Na ce, "An dawo da shi, Yaya. Nan ne gidansu."

Ba a daɗe ba aka gwada mu. Muna gona da hantsi aka ce ga su nan. Muka faɗa cikin dawa. Na nuna hoton, na toshe masa kunne, na naɗe shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai yi tsit ba. Ya yi amonsa, amma ƙasa-ƙasa, fuskarsa a ƙirjina, tayar na juyawa a hannunsa, har ƙarar baburan ta ɓace. Matar da ke kwance kusa da mu ta ɗago ta dube ni. Kwana kaɗan sai ga ta da ɗan ƙanenta, wanda ban taɓa sanin akwai shi ba.

Da wasu ma suka fara kawo nasu yaran, Malam ya kafa mini rumfar kara a tsakar gida. Na zana hotuna da gawayi a kan kwali. Kofina ya fi kama da turmi, amma yaran sun gane. Ni ba malama ba ce, abin da na gani kawai nake yi, wanda ban sani ba in ce ban sani ba. Ana ta yi mini dariya wai Rabi ta buɗe jami'a. Su yi ta yi.

Ran Laraba da ta wuce, da safe, aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne daga Babban Duhu, a kan tsohon babur, ya goyo wata yarinya da ta kusa isa aure, ya ɗaure ta a bayansa da rawani don kada ta faɗi. Ya ce 'yarsa ce, uwarta ta rasu, rabon ta da fita ƙofar gida tun tana ƙarama. Ya leƙa ya ga rumfa, da kwalaye, da kaji na yawo.

"Nan ne makarantar?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Yarinyar ta ƙi sakin rigarsa. Na ce to sai dai ya shigo da ita. Ya tsaya yana duban matan da ke zaune, ga maza a waje suna kallon sa. Sai ya cire takalmansa, ya shigo, ya zauna a bakin tabarma da furfurarsa, 'yarsa a jikinsa. Har azahar yana nan. Ba ta taɓa hoto ko ɗaya ba, amma ta saki rigar.

Da zai tafi, yana ɗaura ta a baya, ya ce, "'Yata, gobe ma akwai?"

Na ce, "Akwai, Baba. Ko an kwana ana harbi, in dai gari ya waye muna raye, akwai."